Hadis na Ƙarfe

Ranar Lahadi da ƙarfe sha biyu da kwata na rana Izzuddeen Mukhtari ya shiga rumfar Jabir mai gyaran waya da kwamfuta, a layin da ke bayan tashar babura ta kasuwar Illela. Ranar kasuwa ce, cikin watan Afrilu, zafi ya riga ya kama kwanon rufi. Yana rungume da baƙar jaka.

Izzuddeen malamin lissafi ne a wata sakandare mai zaman kanta, shekarunsa talatin da ɗaya. Kwamfutar da ke cikin jakar ta hannu ce, ya saye ta a Kwanni, hayin iyaka, wata huɗu da suka wuce, shi ya sa komai nata da Faransanci yake. Ya yi rajistar wani kwas ta intanet, aka ce sai da manhajar Linux, shi kuma bai so ya rabu da Windows ɗin da ya saba da ita. Sai ya bi wani bidiyo da ke koyar da yadda ake raba ma'ajiyar kwamfuta gida biyu, kowace manhaja da ɗakinta, in ka kunna ta tambaye ka wanne za ka shiga. Ranar Asabar bayan la'asar ya gwada. Aiki ya kai rabi wuta ta ɗauke, batirin kuwa dama ba ya riƙe caji. Tun daga nan, in an kunna, baƙin allo ne kawai da layi biyu na farin rubutu.

Jabir, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, ya kunna ya kashe sau uku. Maƙwabcinsa mai walda ya tayar da janareta, don haka duk maganar da za a yi a rumfar sai da ɗaga murya.

"Tica, kai da kanka ka yi wanga aiki?"

"Ni ne, Injiniya."

"Madalla. Ka koya ma 'yan makaranta raba lamba biyu, ka zo ka raba kwamfuta ta mutu." Ya yi dariya. "Ka rushe bangon tsakiya. Yanzu ba ta san ƙohwar da za ta bi ba."

"Za ta gyaru?"

"In ka ba ni kwana biyu, wataƙila. In kana sauri, sai a goge hadis ɗin a sake zubi."

A bakin masu gyara, ƙarfen da kwamfuta ke adana bayanai a cikinsa sunansa hadis. Sunan Turanci ne mai kalma biyu, baki ya tauna shi ya haɗe. Suna faɗarsa sau goma a wuni, babu wanda ke jin komai.

Izzuddeen yana da darasin kwas ranar Litinin. Tambayoyin jarrabawar ɗalibansa kuma yana da su a filashi. Bai yi dogon tunani ba.

"Goge!"

"Mi?" Jabir ya kara hannu a kunne.

"Na ce goge hadis ɗin duka! Kada ka bar komai! Ba ni da abin yi da shi, tun jiya ya ishe ni!"

A bakin ƙofa akwai wani mutum tsaye, ɗan kabu-kabu mai suna Usama, wanda ya zo karɓar wayarsa da ya bari caji. Dogo ne, da tabon salla a goshi. Hannunsa na kan wayar, amma bai zare ta ba.

"Malam, mi kac ce?"

Izzuddeen ya ɗauka ƙarar janareta ce ta hana shi ji. Ya maimaita masa cikin fara'a.

"Cewa na yi ya goge hadis."

Usama ya dube shi, ya dubi kwamfutar, ya zare wayarsa ya fita bai yi sallama ba.

Jabir ne ya fara ganewa. Ya ajiye sukudireba a kan tebur a hankali.

"Tica, ka ji abin da ya ji?"

"Me ya ji?"

"Hadisi ya ji. Hadisin Annabi."

Izzuddeen ya so ya yi dariya, dariyar ba ta fito ba. Ya leƙa waje. Usama ya isa tashar babura, yana magana da mutum huɗu, yana nuna rumfar da hannu. Ɗaya daga cikinsu ya sauka daga babur ɗinsa.

"Bari in je in yi masa bayani."

"Zauna nan," in ji Jabir. "In ka hita yanzu, a tsakiyarsu za ka yi bayani. Nan aƙalla ƙohwa ɗaya ce."

Ƙofa ɗaya ce. Bayan rumfar kwano ne, bayan kwanon kuma bangon wani sito na hatsi. Jabir ya jawo benci ya gitta shi a bakin ƙofa, ya ɗauki waya ya kira wata lamba. Abin da Izzuddeen ya ji ya ce shi ne, "Baba, don Allah yanzu. Ko takalmi kada ka tsaya nema."

Minti shida bayan fitar Usama, mutum goma sha biyar ne a gaban rumfar. Minti goma, sun haura arba'in. Mai walda ya kashe janareta, sai muryoyi suka fito fili. Na gaba suna cewa wani ya ce a goge hadisi. Na tsakiya suna cewa ya ce hadisai sun ishe shi. Daga can baya, inda ba a ko hango rumfar, wani ya ɗaga murya ya ce mutumin daga ƙetare aka turo shi da na'ura. Masu talla suka sauke farantansu. Wata mai fura ta ɗauki ƙwaryarta ta bar layin da sauri.

Izzuddeen ya zauna a kan wata tsohuwar firinta. Ya san labarai irin wannan, kowa ya sani. Ya san kuma ba su cika ɗaukar fiye da rabin awa ba. Ya fito da waya, ya nemo sunan matarsa Na'ima, ya duba, ya mayar da wayar aljihu.

"A hiddo shi!"

"Jabir, kai ma da kai?"

"Ku yi haƙuri, ku saurara," in ji Jabir daga bayan benci. "Sunan ƙarhe ne. Wallahi sunan ƙarhe ne."

"Ƙarhe? Hadisi ne ƙarhe?"

Wannan amsar ta ƙara ɓata lamarin. Wani ya kama bencin ya ja, Jabir ya danne shi da ƙafa.

Sai taron ya tsage daga hagu. Wani tsoho ne ya ratso, siriri, da farar jallabiya da sanda. Malam Halilu ke nan, wanda Jabir ya kira a waya, shekara saba'in da biyu, tsohon magatakardan kotu da ya yi ritaya, yanzu yana sayar da huluna yana kuma limancin ƙaramin masallacin layin. Rabin mutanen da ke wurin a bayansa suke salla. Bai yi wa kowa tsawa ba. Ya zo ya zauna a kan bencin, ya juya wa rumfar baya, ya gicciye sandarsa a cinya. Duk mai son shiga sai ya tsallake shi.

"Wa ya ji da kunnensa?"

Aka yi ta hayaniya.

"Ban ce wa aka gaya ma ba. Na ce wa ya ji."

Usama ya matso. "Ni nij ji, Allah gafarta Malam."

"Kai kaɗai?"

"Ni da Jabir."

"To hwaɗi. Kada ka ƙara, kada ka rage."

Usama ya faɗa, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Goge hadis ɗin duka. Kada ka bar komai. Ba ni da abin yi da shi, tun jiya ya ishe ni. Idonsa ya kaɗa. Ba ƙarya yake yi ba, kuma kowa ya ga haka.

Malam Halilu ya waiwaya kaɗan wajen Izzuddeen. "Kai ɗan wa ne?"

"Izzuddeen, ɗan marigayi Mukhtari na ofishin gona."

"Na san ubanka. Ka hwaɗi wagga magana?"

Izzuddeen ya ce, "Na faɗa, Baba. Amma…"

Ba a bar shi ya ƙarasa ba. Ƙara ta tashi kamar an buɗe famfo. Dutse ya faɗo kan rufin kwano, wani ya biyo shi. Malam Halilu ya ɗaga sandarsa sama ya riƙe ta a haka har ƙarar ta ragu.

"Ko a kotu ana barin mutum ya kai ƙarshen jimla. Ci gaba."

Izzuddeen ya yi bayani. Mutum ne da ke tsayawa gaban aji kullum, amma yau kalmomi suna zame masa. Ya ambaci manhaja biyu, da ɗaki biyu, da wutar da ta ɗauke. Yana ji da kansa cewa babu mai fahimta. Wani matashi mai sayar da layin waya ya katse shi.

"A kunna mu gani mana. Mi ad da wuya?"

"A kunna! A kunna!"

Jabir ya dubi Izzuddeen, sannan ya ɗora kwamfutar a kan benci kusa da tsohon ya danna. Alamar kamfani ta fito ta ɓace. Baƙin allo, layi biyu na farin rubutu, da ɗan ɗigo yana ƙiftawa.

"Ina hadisan?"

"Babu komai!"

"Sun riga sun goge!"

Taron ya turo gaba. Bencin ya ja baya taki ɗaya da tsohon a kansa. Ginshiƙin rumfar ya yi ƙara, wayoyin da ke rataye suka zubo. Izzuddeen ya ga hannu ya shigo ta saman kafaɗar Malam Halilu yana laluben wuyan rigarsa. Ya miƙe tsaye, bai san ya miƙe ba.

"Wallahi tallahi," ya ce da duk ƙarfinsa, "babu hadisin Manzon Allah ko ɗaya a cikin na'urar nan! Babu, ba a taɓa sawa ba!"

Da jin sunan Manzo, bakuna suka yi salati, har da na masu turowa. Wannan ya ba da daƙiƙa biyar ko shida. Jabir ya yi amfani da su. Ya kifa kwamfutar, ya kwance kusoshi huɗu, ya cire murfi, ya zaro wani abu ya ɗora a tafin Malam Halilu. Ƙarfe ne shafaffe, bai kai tafin hannu ba, da takarda manne a bayansa.

"Ga shi nan, Baba. Wanga shi ne hadis. Haka muke ce mai. A tambayi duk mai gyara daga nan har Sakkwato."

Tsohon ya juya shi, ya kai shi kusa da ido, ya auna nauyinsa. Ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ga abin da ake magana a kai. Shekara hamsin ina karatu, ban taɓa cin karo da wagga ruwaya ba."

Wasu suka yi dariya. Wani daga gefe ya ce shi ma an taɓa canza masa irinsa. Hannun da ke laluben rigar ya koma.

Mai sayar da layin waya bai yi dariya ba.

"Malam, wannan ai mazubi ne, kamar buhu. Mu abin da ke ciki muke tambaya. Ya rantse babu. A buɗe."

Magana ce mai ma'ana, kuma Malam Halilu bai musa ba. Ya tambayi Jabir ko ana iya karanta ƙarfen ba tare da kwamfutarsa ba. Jabir ya ce ana iyawa, in ɓangaren Windows bai lalace ba. Tsohon ya zaɓi shaidu biyu su shigo: Usama, da wani ɗan kasuwar albasa daga Kwanni wanda ya ce yana karanta Faransanci. Jabir ya jona ƙarfen da babbar kwamfutarsa ta tebur, ya juyo allon yadda na bakin ƙofa za su gani.

Ya buɗu. Izzuddeen ya gode wa Allah a zuci. Mai albasa ya sunkuya yana karanta sunayen jakunkunan ajiya da suka fito a allo da ƙarfi, Jabir yana buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Takardu: tambayoyin lissafi na aji huɗu da aji biyar. Hotuna: bikin sunan ɗan ƙanwarsa, da wata gona a Gidan Katta. Bidiyo: wasan ƙwallo biyu da darasin da ya jawo duk wannan. Mutane suka fara gajiya. Na baya suka fara tambayar ko an gama.

"Saura ta sauti," in ji mai albasa.

Jabir ya buɗe. Jaka ɗaya ce a ciki, sunanta da Hausa. Mai albasa ya karanta kafin kowa ya yi tunanin hana shi.

"Hadisai, karatun Na'ima. Guda sittin da uku."

Babu wanda ya yi ihu. Sai a lokacin Izzuddeen ya tuna: wata biyu da suka wuce, yana makin takardu, Na'ima ta ce wayarta ta cika, ta ɗauki kwamfutar ta shiga ɗaki. Bai tambaye ta me ta yi da ita ba.

"Ya rantse," wani ya ce a hankali. "Kun ji shi, ya rantse."

Maganar ta bi taron zuwa baya, baki zuwa baki.

"Kunna ɗaya," in ji Malam Halilu.

Jabir ya danna. Muryar wata malama ta fito daga lasifika tana karanta Larabci, mata suna maimaitawa, ana jin kukan jariri daga nesa. Malamar ta fassara. Sai wata murya kusa da wayar ta ce, "Malama, a maimaita na ƙarshen, ban kama ba." Muryar Na'ima ce. Izzuddeen ya ji matarsa tana magana a tsakiyar kasuwa, gaban maza fiye da sittin, ya sunkuyar da kai.

"Wace ce Na'ima?"

"Iyalina ce, Baba."

"Ka san da wanga karatu a ciki?"

"Ban sani ba. Wallahi…"

"Bar rantsuwa haka nan, ta ishe ka yau. Kira ta. Sa yadda kowa zai ji. Kai kuma kada ka ce uffan."

Izzuddeen ya fito da waya. Jabir ya karɓi wayar ya kira, ya miƙa wa tsohon. Ta yi ƙara sau huɗu. Izzuddeen ya lissafa abin da zai faru in ba ta ɗauka ba, ko in ta tsorata ta ce ba ta san komai ba, ko in ta ce ta gaya masa ya manta. A ƙara ta biyar ta ɗauka.

"Abban Latifa, an gyara?"

"Ɗiyata, Halilu ne, limamin layin masu gyara. Kina lahiya?"

"Lahiya lau, Baba. Ina wuni. Shi lahiya dai?"

"Ga shi nan kusa da ni. Tambaya ce. Mun ga karatunki cikin na'urarsa. Ke kika sa?"

"Ni ce, Baba. Na Islamiyyarmu ne, wajen Malama Shafa'atu."

"Ya san kin sa?"

Ta yi 'yar dariya. "Ina! In na gaya mai sai ya ce na cika mai kwamfuta. Ko Latifa ta taɓa ta sai ya goge da hankici. Baba, don Allah kada a ɓatar min da su, na share na waya. Ba ni da wasu."

"Ba za su ɓata ba."

"To na gode. Ka ce mai in zai dawo ya sayo tattasai, na jiya ya ƙare."

Tsohon ya kashe wayar. A bakin ƙofa wani ya tuntsire da dariya, wasu suka bi shi, wasu ba su bi ba. Usama yana kallon ƙasa.

"Kun ji," in ji Malam Halilu. "Wanda ya rantse a kan abin da ya ɗauka gaskiya ne, ba maƙaryaci ba ne, kuma babu kaffara a kansa. Wannan a littafi yake, ba ni na ƙirƙira ba. Kai kuma Usama, abin da ka ji ka hwaɗa, kishi ya sa ka. Sai dai da ka tsaya ka yi tambaya ta biyu, da ba mu tara mutane cikin rana ba."

"To kada a goge!" wani ya ɗaga murya. "Tunda akwai hadisi ciki, a bar shi haka nan!"

Da yawa suka goyi baya. Izzuddeen da kansa ya so ya ce a bar shi, a jefa ƙarfen a rijiya ma in ana so, shi dai ya tafi gida. Tsohon ya girgiza kai.

"In an bar shi yau, gobe za a ce ya kai wani wuri an goge a ɓoye, mu dawo inda muka hwaro. Nan za a yi, gaban kowa. Ina tambaya: wa ke nan bai taɓa wanke allo ba?"

Babu wanda ya ɗaga hannu.

"Ayoyin Allah ne a kai, kuka sa ruwa kuka wanke, aka rubuta muku na gaba. Wa ya ce kun yi saɓo? Abin da aka hana shi ne a zubar da ruwan inda ake takawa. Jabir, nemo muna wuri mai tsabta."

Jabir ya ciro sabon filashi daga cikin kwalinsa, ya yage ledar a gaban jama'a. Ya kwashe jakar zuwa ciki. Aikin ya ɗauki minti huɗu. Malam Halilu ya sa Usama ya ƙirga da yatsa a kan allo, ya ƙirga sittin da uku. Aka kunna na farko, aka kunna na ƙarshe, duka suka yi magana. Tsohon ya karɓi filashin ya naɗe shi a hankicinsa, ya miƙa wa Izzuddeen.

"Amanar matarka. Yanzu goge abinka."

Jabir ya shirya komai, ya ja da baya. "Kai za ka danna, Tica. Ni hannuna ya yi isasshen aiki yau."

Wani ɗan akwati ya fito a allo yana tambaya ko an tabbata, yana gargaɗin cewa duk abin da ke ciki zai tafi. Izzuddeen ya ɗora yatsa a kan maɓalli. Idanu sittin ko fiye suna kansa, kuma bai san nawa ne daga ciki suka gamsu ba. Ya dubi Malam Halilu. Tsohon ya ce bismillah, shi ma ya ce bismillah, ya danna.

Wani koren layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Babu ƙara, babu hayaƙi. Mutane suka tsaya suna kallo kamar suna jiran wani abu ya faru. Da layin ya kai rabi, aka kira sallar azahar daga babban masallaci, taron ya fara zubewa daga baya. Mai walda ya tayar da janaretansa. Mai albasa ya tafi yana ba wani labari da hannu. Kafin mai sayar da layin waya ya juya, ya ɗaga wayarsa ya ɗauki hoton Izzuddeen. Wasu mutum biyu ma suka ɗauka.

Malam Halilu ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar Izzuddeen, ya yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Na gaba sun ji bayani. Na baya ba su ji ba, kuma su suka hwara tahiya. Kada in gan ka kasuwa sai bayan Lahadi uku. In an tambaye ka, ka ce a zo a same ni."

"Na gode, Baba."

"Ka gode ma Allah. Da ƙahwata na ciwo irin na jiya, da ban iso ba."

Koren layin ya cika. Jabir ya mayar da ƙarfen cikin kwamfutar, ya ɗaure kusoshi.

"Ɗaki ɗaya za a yi mata, ko biyu?"

"Ɗaya."

"Wanne?"

"Duk wanda ka ga dama. Zan aiko a karɓa."

Ya fito daga rumfar babu jaka, filashin yana cikin aljihun ƙirji. Rigarsa ta jiƙe har ƙugu. Bai yi taki goma ba babur ya tsaya a gabansa. Usama ne.

"Malam, ka yahe ni. Hau in kai ka gida. Ba sai ka ba da komai ba."

Izzuddeen ya dubi tashar. 'Yan kabu-kabu bakwai ko takwas suna zaune a kan baburansu, duk suna kallonsu. In ya ƙi, za su gani. Ya ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya hau.

"Wace unguwa?"

Gidansa yana gabas, bayan makarantar firamare. Ya ce a kai shi kudu, wajen gidan man da ke hanyar Sakkwato.

Usama ya tuƙa a hankali, yana kauce wa ramuka, yana ta magana. Ya ce shi ma yana son ɗansa ya koyi kwamfuta in ya girma. Ya tambaya ko da wuya. Izzuddeen ya ce babu wuya. A gidan mai ya sauka, ya yi godiya, ya nufi wani lungu da bai san kowa a cikinsa ba, ya tsaya a bakin wata ƙofa mai koren fenti kamar mai neman mabuɗi a aljihu. Usama ya ɗaga masa hannu, ya juya babur.

Sai da ƙarar ta ɓace sannan ya fito. Ya bi ta bayan gari, ta gefen gonaki, a ƙafa, cikin ranar ƙarfe biyu. Tafiyar minti arba'in ce, kuma duk babur ɗin da ya ji a bayansa sai ya sauka daga hanya ya jira ya wuce.